Ruwan Hawa na Biyu

Salkan ba ɗan garinmu ba ne, kuma ba a taɓa barinsa ya manta da haka ba. Daga ƙasan kwari ya zo, inda ƙasa take a shimfiɗe, ana noman masara har ido ya gaji. Mahaifin Bisera bai haifi namiji ba, ya ce duk mai son 'yarsa sai dai ya tattaro kayansa ya hawo dutse ya zauna a gidansu, don shi ba zai bar gona da tumaki su lalace ba. Samarin garinmu Tisovik duk suka noƙe. Kowa yana son yarinyar, amma ba wanda zai yarda a ce an kai shi gidan mata kamar amarya. Salkan ya yarda. Ya iso da akwatin katako guda a kafaɗa, gajere, mai faɗin ƙirji, kunnuwa jajaye saboda hawa, kuma tun ranar aka raɗa masa Suruki. Har gashinsa ya yi fari fat, yaran da aka haifa a gabansa Suruki suke ce masa.

Tsiya kuwa ya sha ta. In ya shigo wurin shan gahawa sai Ramo, maƙwabcinsu mai sarar itace, ya matsa gefe ya ce, "Ku ba amarya wuri. Amarya, yaushe za a kai ki ganin gida?" A yi ta dariya. Salkan ya yi yaƙe ya zauna. Ba shi da bakin ramawa, kuma ko yana da shi, mutum ba ya ɗaga murya a garin da ko kabarin kakansa babu. A gida ma surukin nasa ba ya kiransa da suna, sai dai ya ce wa 'yarsa, "Gaya wa mutumin nan naki ya kai tumaki ruwa."

Aikin da ya ba shi wurin tsayawa a garin shara ce. A wancan zamani kowane gida bayan shingensa yake watsa toka da ƙasusuwa da fasassun tukwane. Da sanyi ƙanƙara ta rufe komai, gari ya yi fari tas kamar na mutanen kirki. Da ta narke sai asirinmu ya tonu, wari ya tashi, ƙudaje su zo gaisuwa. Wata shekara Salkan ya ɗaura wa dokin surukinsa keke ya kwashe ta bayan gidansu. Wata tsohuwa ta leƙo ta shinge ta ce, "Suruki, tunda ka ɗaura, ga tawa." Kafin mako ya zagayo ya yi alkawarin kwashe ta rabin gari. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi.

Saura inda za a zuba. Tisovik a kafaɗar dutse take zaune. Bayan gidajen ƙarshe kurmi ne, cikin kurmin kuma ƙasa ta yanke ta faɗa kwazazzabon da ba a ganin gindinsa, saboda itatuwa da duwatsun da suka yi masa rumfa. A can ciki Skakala take, magangarar ruwa mai hawa uku. Ba ma ganinta, jinta muke yi. In ƙanƙara na narkewa har kofunan gahawa sukan yi rawa a kan kanta. Wurin mata ne. Sau ɗaya a shekara, safiyar Jurjevo, ranar da ake sallamar sanyi, 'yan mata kan sauka ta wata 'yar hanyar awaki da ta tashi daga yammacin gari, su tari feshin ruwan tun bai taɓa ƙasa ba, su wanke fuska da gashi don lafiyar shekara. Namiji ba ya bin wannan hanya. Ko leƙe aka kama shi yana yi, ba mai ba shi mata a garin. Shekarar da ta gabaci zuwan Salkan ƙasa ta zaftare ta tafi da hanyar, al'adar kuma ta bi ta.

Salkan ya bi tsohuwar hanyar masu jan itace ta gabas, nesa da gari, har inda wani dutse ya miƙa baki a kan kwazazzabon. Ya jefa tsakuwa ya saurara, bai ji faɗuwarta ba. Gaskiya dai a faɗe ta, bai zuba komai ba ranar. Ya dawo ya tambayi maza a wurin gahawa abin da ke ƙasan wurin.

"Rami," in ji Ramo. "Rami ne kawai, ko akuya ba ta zuwa."

"Ruwan fa?"

"Ruwan matanmu? Yana can yamma, amarya. Ku ko gabas da yamma ba a koya muku a ƙasarku?"

Sauran suka gyaɗa kai, magana ta zauna. Salkan ya kai wani ƙaton gungume ya kafe shi a bakin dutsen don kada keke ya zarce, ya shafe shi da farar ƙasa don doki ya riƙa gani, kuma duk shekara yana sabunta shafen. Mutum ne mai son abu ya yi kyau. Bisera ta taɓa tambayarsa inda yake kai kayan, ya ce wani rami ne can gabas, ta ce to Allah ya ƙara wa ramin ciki, ta ci gaba da murza ƙullinta.

Daga nan ranar Asabar ta zama tasa. Da an ji ƙararrawar wuyan dokinsa sai mata su fito ƙofa da bokitai. Wannan ta ba shi ƙwai, waccan ta naɗe masa yankin gurasar pita mai zafi a tsumma, wata ta tsayar da shi ta ba shi labarin ciwon bayanta tun daga farko. Ya san gidan da aka yi faɗa daga fasassun faranti, ya san gidan da baƙi suka kwana daga ƙasusuwa, amma bai taɓa kai maganar wani gida wani gida ba. Ko a shekarun yaƙi, da hanya ta rufe, abinci ya yi wuya har shara ta yi ƙaranci, bai fasa zagayen ba, wai don mutane su san mako ya juyo.

Dawaki suka tsufa a hannunsa yana canza su. Shara ma ta canza: toka ta ja baya, gwangwani ya shigo, sai leda, sai robobi, sai tayoyi. Bayan yaƙin, da 'ya'yan gari suka watsu ƙasashen waje suka fara aiko da sababbin kaya, tsofaffin firji da talabijin da injin wanki duk keken Salkan suka hau. Saniya ta mutu, shi ne. Rufin ɗaki ya ruɓe, shi ne. Ya ja baya da keke har ƙafafun su daki farin gungume, ya zare katakon baya, komai ya sulale ya ɓace ba ko ƙara, ya karkaɗe hannu ya juya gida da zuciya fes.

Garin kuwa ya yi tsaf, har baƙin da ke zuwa biki sukan tsaya su duba lungu su ce kamar an lashe. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan tsabta, ya ambaci sunansa, aka jawo shi sahun gaba yana tirjewa. Ba a daina ce masa Suruki ba, amma an daina amarya, sai Ramo kaɗai da ya riƙe ta, a bakinsa kuma ta riga ta zama ta abota. Wadda ta fi kowa tinƙaho da aikin ita ce Bisera. Doguwa ce, ta fi mijinta da kai guda, kuma bakin da shi ya rasa ita aka ba. In wata ta kuskura ta ce mijin wance mai kwasar bola, sai ta dafa ƙugu ta ce, "Kafin ya zo da hannu biyu kuke cin abinci, ɗaya na kai loma, ɗaya na korar ƙuda. Mijina ne ya wanke garin nan, ku ce mun gode ku wuce." In Salkan ya ji haka sai kunnuwan su ƙara ja. Duk abin da ya mallaka a garin, in aka tattara, wannan maganar ce, kuma ta ishe shi.

Ranar da 'yarsu ta aiko musu da murhun lantarki daga Ostiriya, Bisera da kanta ta kama masa tsohon murhun ƙarfen mahaifiyarta suka ɗora a keke. Ta shafa murfinsa ta ce ya yi aikinsa, a kai shi ya huta.

Ciwon ya kama ta a wani sanyi mai tsawo. Aka kai ta asibitin birni aka dawo da ita da jakar magunguna, likita kuma ya yi wa Salkan magana a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Doguwar macen nan ta koma 'yar kaɗan a cikin bargo. Da ƙanƙara ta fara narkewa, ƙugin Skakala ya fara isowa, sai ta riƙa cewa a buɗe mata taga ta ji.

"Jibi Jurjevo," ta ce masa wata rana da hantsi. "Ka sha yi mini abin da ban roƙa ba. Yau roƙo zan yi."

"Roƙi mana."

"Ruwan Skakala nake so in wanke fuskata. Ba na ƙasa ba, na ƙasa na matsorata ne. Na hawa na biyu."

"Ke, da tsufana zan shiga wurin mata?"

"Wace mace ta rage a can da za ka gani? Ko da akwai ma, wa zai ji kunyarka yanzu?" Ta yi dariya, tari ya katse ta. Da ta sami numfashi ta sake ba shi labarin da ya sha ji: yadda 'yan mata ke tsayawa a tafkin ƙasa suna ihu, ita da wasu masu taurin kai su kama saiwoyi su hau na biyu. A can akwai wani farin dutse mai faɗi, sumul kamar faifai, ruwan tafkin kuma har tsakuwar gindinsa ana gani. A kan dutsen ake tsayawa. "Ka yanki sanda doguwa ka ɗaura butar a kai. Kada ka ɗebo mini na tafki, wanda ke iska nake so. Kuma kafin rana ta taɓa shi, amma kada ka damu, a can ƙasa rana ba ta isa sai azahar." Ta sa ya ɗauko butar tagullar da ta riƙa zuwa da ita tana budurwa. Idonta ya yi hasken da rabon da ya gani tun kaka.

Salkan ya tafi wurin Ramo, don shi ne ya san bakin kwazazzabon ta ƙasa tun yana sarar itace, ko da yake bai taɓa wuce inda maza ke tsayawa ba.

"Ni da kai?" in ji Ramo. "Gwiwoyinmu huɗu, mai aiki ɗaya ce. To, amarya, ke dama macen gari ce, ni ne zan yi saɓo. Bari in nemo igiya."

Ranar Jurjevo, bayan sallar asuba, suka gangara a keke ta hanyar mota har gadar da rafin ke fitowa, suka ɗaure doki suka shiga. Babu hanya, rafin ne hanya. Ruwan ƙanƙara har cinya, duwatsu masu santsi, itatuwan da suka faɗo suka gitta, sai mutum ya rarrafa ta ƙasa ko ya haye da ciki. Bangon dutse hagu da dama ya miƙe har sama ta koma 'yar tsaga. Ramo na gaba da igiya yana zagin kowane dutse har uwarsa, Salkan na baya, buta a ƙirji, doguwar sanda a hannu, ransa fari ƙal. Bai taɓa yin wani abu na jarumta don matar nan ba, ga shi Allah ya kawo masa da tsufa.

Leda suka fara gani, ta naɗe a wani reshe. Gaba kaɗan robar mai. Gaba kuma takalmin roba ƙafa ɗaya.

Ran Salkan ya ɓaci. "Dubi ƙazanta don Allah. Mutanen ƙauyen da ke bakin gada ne. Ba su da tarbiyya wallahi, komai a ruwa."

"Suruki," in ji Ramo, "ruwa dai gangarowa yake yi. Ban taɓa ganin takalmi ya hau dutse ba ƙafa a ciki ba."

"To mafarauta ne."

"Mai yiwuwa."

Suka wuce matsatsin da maza ke tsayawa. Nan kwazazzabon ya yi wata muguwar kwana ya karya gabas, abin da ba ɗayansu ya sani. Ƙugin ruwa ya cika kunne, sai da ihu ake magana. Ramo ya tsaya cak, ya sunkuya ya zaro wani abu daga tsakanin duwatsu. Daro ne mai shuɗin fenti, gindinsa da faci. Ya juya shi, ya sa babban yatsa a kan facin, ya daɗe a haka. Shi ya yi facin da hannunsa, daron marigayiyar matarsa ne, kuma Salkan ya tuna Asabar ɗin da aka miƙo masa shi. Ba wanda ya dubi wani. Ramo ya ajiye daron a hankali a kan dutse suka ci gaba.

Tafkin ƙasa, inda 'yan mata ke ihu, tayoyi ne a ciki da wata ganga mai tsatsa, kumfa mai ruwan ƙasa tana kewaya su. Salkan ya tsaya yana kallonsu. Har lokacin yana gaya wa kansa ambaliya ce ta kwaso su daga wani wuri. Ramo ya jefa igiya a wata saiwa, suka hau gefen dutsen da ciki da gwiwa, suna nishi, ƙasa na zubo musu a wuya. Salkan ne ya fara leƙa kansa hawa na biyu.

Babu tafki, babu farin dutse. Tsibi ne, ya fi gida tsayi, ya taso daga gindin bango ya cika wurin, ruwan na faɗowa ta gefensa yana ratsawa ta ƙarƙashi. Kuma ba baƙon tsibi ba ne. Ga firjin gidan liman mai karyayyen hannu. Ga gadon ƙarfen tsohuwar da ta fara ce masa ga tawa. Ga ƙahon saniyar wane, ga keken yaron wance. Can gefe, ƙafafu a sama, murhun mahaifiyar Bisera. Duk abin da idonsa ya sauka a kai ya san ƙofar da aka miƙo shi, ya san nauyinsa a kafaɗa. Ya ɗaga kai yana bin bangon da ido, ta tsakanin rassan da leda ta yi wa tuta, har can ƙololuwa, inda wani ɗan abu fari ya gitta a bakin dutse. Makon jiya ya sabunta masa shafe.

Hanyar mata daga yamma ta tashi, gaskiya ne, amma ashe a ƙarƙashin dutse ta zagayo ta dawo gabas. Maza sun san inda ta tashi, ba su san inda ta sauka ba. Mata sun san inda ta sauka, amma da duhun asuba suke bin ta, ido na kan ƙafa, kuma ba macen da ta taɓa bin keken shara ta ga inda ake juyewa, don wannan harkar maza ce. Shekaru wajen arba'in muna kwana ɗaki ɗaya da juna, ba wanda ya haɗa abin da ya sani da abin da wani ya sani.

Kunya ta rufe Salkan irin wadda bai taɓa sani ba. Ta amarya wasa ce. Waccan wasu ke ɗora masa, yana iya jin haushinsu. Wannan babu wanda zai ji haushi sai kansa. Ya tuna yadda yake karkaɗe hannu, ya tuna an jawo shi sahun gaba, ya tuna Bisera ta dafa ƙugu tana kare shi, sai ya ji da ma dutsen ya ɓalle ya rufe shi tare da kayan. Abin da ya fi ci masa rai, saman tsibin ruwan na nan yadda ta faɗa: yana zubowa daga hawa na uku fari sol, tsakanin ganyen da ya fara fitowa, feshinsa na tashi. Bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma da ƙafarsa a kan ruɓaɓɓiyar katifa ya gan shi.

Ramo ya hawo, ya duba, ya cire hula. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ba ta fito ba. Ya matso kunnen Salkan ya yi ihu, "Ni na ce maka rami ne!"

"Kai faɗa ka yi!" Salkan ya mayar. "Ni na juye!"

Rana ta kusa leƙowa, ga buta babu komai. Ya duba, babu ta inda za a kai ga ruwan sai ta kan tsibin. Ya ajiye sandar ya hau. Ƙafa na nutsewa, gwangwani na yankar hannu, wari na tasowa duk inda ya taka. Ya kai kan firjin gidan liman ya miƙe tsaye, sai ga shi dab da ruwan, har yana dukan kafaɗarsa. Hannu kawai ya miƙa, buta ta cika ta tumbatsa. Ya rufe murfinta ya sauko.

A hanyar dawowa sai da suka fito inda ake jin magana sannan Ramo ya ce, "Salkan." Bai taɓa kiransa da sunansa ba. "Ruwa ta ce, ga ruwa, kuma mai tsabta ne, a iska ka tare shi. Sauran ba sai ta ji ba. Me ya rage mata a duniya? Bar ta ta tafi da farin dutsenta."

Salkan ya ce to. A gada ya tuɓe takalma ya wanke, ya dirje hannu da yashi har fata ta yi ja, ya shinshina rigarsa ya sake dirjewa.

Bayan la'asar suka iso. Bisera ta sa wata maƙwabciya ta jingina ta da matashi, ta ɗaura mata sabon ɗankwali. Da ya shigo ta miƙo hannu biyu.

"Ka kai?"

"Na kai."

"Na biyun?"

"Na biyun."

"Kai, gajeren nan nawa! Yaya ka gan shi?"

"Yana da kyau," ya ce, kuma wannan ba ƙarya ba ce. "Ban san akwai irinsa ba."

"Farin dutsen yana nan?"

"Yana nan." Wannan ma, in an bi ta, ba ƙarya ba ce, amma kunnuwansa suka ɗau zafi.

Ya ɗora mata butar a cinya. Ta rungume ta, sai murmushin ya tsaya. Ta gwada ɗagawa, hannun ya kasa. Ta buɗe murfin ta leƙa, ruwa har wuya.

"Salkan, butar nan ta cika da yawa."

Ya kau da kai wajen taga.

"Ni da tsawona, da sanda, in tsaya a bakin dutsen har hannuna ya mutu, abin da nake samu ba ya wuce tafi biyu. Ba yarinyar da ta taɓa kawo rabi. Na tafki ka ɗebo mini?"

"Wallahi a iska na tare shi."

"Na yarda, ba ka rantsuwar banza. To a kan me ka tsaya?"

Da ƙarya ɗaya da ya wuce wurin: itace ya faɗo, ambaliya ta tara duwatsu. Ramo ma ya ba shi izini. Amma shekara da shekaru matar nan tana tsaya masa a gaban mutane, bai iya ya dube ta ya ƙirƙiro itace ba. Ya zauna a ƙasa gefen gadon, ya ƙura wa safarsa ido.

"A kan firjin gidan liman."

Ta dube shi. Yana ganin maganar na tafiya a fuskarta, daga firjin zuwa keken, daga keken zuwa farin gungumen da take jin labarinsa ba ta taɓa gani ba. Ƙugin ruwan na shigowa ta taga.

"Duka?"

"Duka. Tun ta farko."

"Murhun Inna fa?"

"Yana can."

"Ni na kama maka shi muka ɗora," ta ce a hankali.

Ya so ta zage shi, da ya fi sauƙi. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ba komai ba, don da komai. Ta karkata butar ta zuba a tafinta sau biyu, daidai rabonta na dā, ta shafa a fuska da goshi, ta rufe ido ruwan na gangara wuyanta. Sannan ta mayar da murfin ta tura masa butar.

"Nawa ke nan. Sauran na matan gari ne, rabonsu da shi tun kafin ka zo. Ka bi gida gida yadda ka saba, kowacce ta sami nata. In sun tambaye ka yadda aka yi ta cika, ka gaya musu a kan kayan wa ka tsaya."

"Bisera, ki bari sai gobe."

"Gobe ba Jurjevo ba ce. Tashi, rana na faɗuwa."

Ya fita da buta a ƙirji, ba doki, ba ƙararrawa. Lungun tsaf yake, ko tsinke babu, aikinsa ne. Gidan farko na liman ne. Ya tsaya a bakin shinge yana neman kalmar da zai fara da ita, bai samu ba. Matar liman kuwa ta hango shi ta taga. Ta yi mamaki, don yau ba Asabar ba ce, amma ta san abin da ke kawo Suruki ƙofar mutane. Ta fito da fara'arta tana yi masa sannu, bokitin shararta a hannu, ta miƙo masa ta kan shinge.